CIWON ISKA DA LIKITOCIN SA-KAI: WAIWAYE DAGA RIJIYAR ZAKI ZUWA SAKKWATO

Yau zan ɗan ajiye zancen littattafai in ba ku tarihin wani ciwo da kuma mutanen da suka riƙa tsallako teku don yaƙarsa.

Na tashi a Rijiyar Zaki tun lokacin da gonakin gero da dawa suka fi gidaje yawa, kafin birnin Kano ya miƙo ƙafa ya haɗiye mu. A maƙwabtanmu akwai wani yaro maraya da mahaifiyarsa ta rasu bai kai yaye ba, kakarsa ta ɗauke shi tana raino da koko da kunu, abin da Allah Ya hore mata ke nan. Bayan ya tashi daga ƙyanda sai bakinsa ya fara wari, kunci ya kumbura, daga baya wurin ya yi baƙi ya ɓurme har ana hango haƙora. Manya suka ce iska ce, aka yi turare, aka sha rubutu. Bai cika mako biyu ba aka kai shi makwancinsa. Na daɗe ina jin tsoron wucewa ta ƙofar gidan nan.

Sai da na girma na san likitoci na kiran ciwon da suna noma. Kada mai karatu ya ɗauka noman gona ne, kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. A ƙasar Sakkwato kuwa ciwon iska ake ce masa. Yakan fara ne daga kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, sai ƙwayoyin cuta su ci nama har ƙashi. Shi ya sa maraya da aka yaye ba shiri yake cikin haɗari. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998, yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa idan ba a yi magani ba.

Turawa ma sun sha fama da shi. An san shi a Holan da Ingila da Jamus shekaru aru-aru, bai kau ba sai da abinci da tsafta suka wadata. Ya kuma sake ɓulla a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane a Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Auschwitz. Ashe dai talauci da yunwa yake bi, babu ruwansa da launin fata.

Yaron da ya tsira yakan tashi da rami a fuska, wani ma muƙamuƙinsa ya kulle, ba ci ba magana sai da ƙyar, a ɓoye shi a ɗaka saboda kunya. Don irin waɗannan ne ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda Edmond Kaiser ya kafa a 1980, ta buɗe cibiya a Damagaram a farkon shekarun 1990. A Nijeriya kuwa, a 1996 wata gidauniyar Jamusawa mai suna AWD-Stiftung Kinderhilfe ta fara turo ayarin likitocin tiyata zuwa Sakkwato. A 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a garin. Likitoci daga Jamus da Holan, irin su Dakta Klaas Marck, da na ƙungiyar Facing Africa ta Ingila, suka riƙa sadaukar da hutunsu suna zuwa na kimanin mako biyu, ba a biyansu ko sisi. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo tana tallafa wa asibitin, magani da tiyata duk kyauta.

Aikin ba na rana ɗaya ba ne. Sai an fara ciyar da yaro ya murmure, ciwon ya warke ya zama tabo, sannan a buɗe muƙamuƙi, a yanko fata daga goshi ko ƙirji a gina kunci ko hanci ko leɓe. Wani sai an shiga da shi sau uku ko fiye, yana jiran zuwan ayari na gaba. Idan baƙi sun hau jirgi, ma'aikatan jinya 'yan gida ne ke ci gaba da wankin ciwo da koya wa yara motsa baki. Cikinsu har da waɗanda ciwon ya taɓa ci, kamar Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa aiki a asibitin ta dawo tana aiki a cikinsa, har mujallar Time ta sa ta cikin fitattun mutane 100 a fannin lafiya a 2024. Nijeriya ce kuma ta jagoranci roƙon da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023.

Abin da ke ci mini rai shi ne, marayan unguwarmu bai buƙaci likita daga Turai ba. Da an kai shi asibiti a kwanakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa, da yardar Allah. Saboda haka iyaye mata da kakanni, a riƙa duba bakin yara, a kai su rigakafin ƙyanda. In an ga dasashi na jini ko baki na wari ga kumburi, a garzaya asibiti a ranar. Mu kuma maƙwabta, mu leƙa tukunyar gidan da ake riƙon maraya.

Allah Ya jiƙan yaron nan, Ya saka wa masu wannan hidima da alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.