Daga tarwaɗa zuwa banda: sunan kifi da nisan tafiyarsa

A takardun cinikin duniya akwai wani jigon kaya da ake kira abincin teku, inda ake haɗa kifi da jatan lande da ƙaguwa wuri guda. Ba wanda zai shiga kasuwar Maraɗi ya nemi kaya da wannan suna. Nijar ba ta da teku, kuma daga nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Amma ƙasar tana sayar da kifi a waje, galibi ga Najeriya. Wanda yake son gane abin da ke tura wannan ciniki gaba da abin da ke danne shi, ya saurari sunayen da kifi ke ɗauka tun daga bakin ruwa har zuwa teburin duwan, domin kowane suna yana faɗin iyakar inda kifin zai iya kaiwa.

Sunan farko na masunta ne, kuma ido ne ya raɗa shi. Giwar ruwa ta samu sunanta daga girma. Minjirya ba ta bukatar gabatarwa ga duk wanda ya taɓa damƙarta ta girgiza masa hannu. Akwai tsage mai haƙora, da ƙurungu mai ƙaya, da ragon ruwa, da karfasa, da tarwaɗa mai gashin baki wadda ke daɗewa da rai bayan an fito da ita. Gaiwa kuwa, in ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta, ta yi watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta har damina ta dawo. Shi ya sa ake cewa wane ya zama gaiwa, jikinsa yake ci.

Ruwan ma sunansa yana da labari. Garin Sarkin Gobir da ake rubutawa Tibiri, a bakin mutanensa Tsibiri ne, wato tudun da ruwa ya kewaye. Gulbin Maraɗi, wanda ambaliyarsa ta 1945 ta sa aka tayar da gari daga kwari zuwa kan tudu, yau watannin damina kaɗai yake gudu, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina wajen 1990 ruwan da ke isowa ya dogara da abin da aka saki daga can. A Jiratawa ruwan noman rani daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Abin da ya rage wa masuntan yankin shi ne tafkin Madarunfa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin Ramsar a 2019, da ƴan tafkunan da ke ƙafewa kafin bazara. Kifin da ke fitowa daga nan bai ishi tukwanen Maraɗi ba, balle a yi lodi zuwa wata ƙasa.

Da kifi ya bar hannun masunci sai ya shiga suna na biyu, na ƴan kasuwa. Su ba jinsi ne ya fi damunsu ba. Tambayarsu ita ce: ɗanye ne, soyayye ne, busasshe ne, banda ne, ko na ƙanƙara? Waɗannan kalmomi ma'aunin kwanaki ne. Ɗanyen kifi a zafin watan Afrilu bai wuce yini guda, don haka mai shi a hannun mai saye yake, yamma na yi dole ya karya farashi. Soyayye yana ɗan ƙara kwana. Banda kuwa tana makonni, kuma ita ce ta mayar da kifin ƙasar Sahel kayan fatauci.

A Hausa banda aiki ce kafin ta zama kaya: busar da nama ko kifi a kan wuta. Ana lanƙwasa tarwaɗa a haɗa wutsiya da baki a soke da tsinke, a jera a kan raga, a hura wuta mai hayaƙi a ƙasa, ana juyawa har ruwan jikinta ya tsane ta yi baƙi-baƙi tana ƙyalli. Manyan kifaye kuma a yanka su gunduwa-gunduwa. Nauyi ya ragu ƙwarai, sai a cusa a kwali a ɗaure da igiya. Kalmar ta bi kwalayen har ta shiga bakin ƴan kasuwar kudancin Najeriya da rahotannin masu bincike na Faransanci da Ingilishi ba tare da an fassara ta ba.

Amma abin da ke cikin kwalin ya sauya ko da sunan bai sauya ba. A 1963 faɗin Tafkin Cadi, inda bandar fatauci ke fitowa, ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke ya koma fadamu, manyan kifayen sarari suka ja baya, tarwaɗa da karfasa da gaiwa masu jure ƙarancin ruwa suka cika raga. Sannan tsaro ya shigo. A 2015, saboda rikicin Boko Haram, hukuma ta hana kamun kifi da cinikin banda a jihar Difa, kuma sai a 2019 aka sassauta. A shekarar ce Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta har zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris na 2024. Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san abin da hakan ya jawo, ya kuma san cewa in naira ta faɗi gaban sefa, kayan da aka saya a nan sai su yi wa mai saye a Kano tsada.

Suna na uku shi ne na takarda, kuma shi ya fi ƙarfi. A kundin duwan na duniya, banda da busasshen kifi da mai gishiri duk suna ƙarƙashin lamba 0305. A can suna yana iya zama katanga. A 2002 Amurka ta kafa doka cewa kalmar catfish ta dangin tarwaɗar ƙasarta ce kaɗai, manoman kifin Biyetnam suka koma sayar da nasu da sunan basa da tra. A 2018 ta daina karɓar tarwaɗar Najeriya saboda ba a cika sharuɗɗan dubanta ba. Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade yawan gubar hayaƙi da za a samu a kifin da aka busar da wuta, kuma murhun gargajiya da harshen wuta ke lasar kifi da wuya ya tsallake wannan gwaji. Giwar ruwa da muke kira kapiten a gidajen abinci, ita ce Uganda da Tanzaniya da Kenya ke fitarwa daga Tafkin Biktoriya zuwa Turai. Su ma an rufe musu ƙofa a 1999, sai da suka gyara masana'antu da ɗakunan gwaji aka buɗe.

Kifin ƙanƙara shi ne na teku da ke zuwa mana a daskare cikin manyan motoci. Sunansa ya nuna abin da ya kawo shi: sanyin da bai yanke ba tun daga jirgi. Inda lantarki ke ɗaukewa, namu kifin ba zai yi irin wannan tafiya ba, dole ya bi ta wuta.

Don haka gyaran ya kamata ya fara daga banda. Kalma ɗaya ce yau take rufe kaya mai kyau da wanda ya ƙone da wanda aka fesa wa maganin ƙwari don kada tsutsa ta ci, kuma mai gaskiya da maras gaskiya farashi ɗaya suke samu. Akwai murhu irin na Corkor da aka ƙirƙiro a Gana, da na Caroy da hukumar FAO ta inganta a Senegal, masu rage itace da hayaƙi. In ƙungiyoyin masunta da matan da ke banda a Madarunfa da Difa suka samu irinsu, suka riƙa rubuta jinsin kifi da ruwan da ya fito da ranar da aka busar a jikin kwali, mai saye zai san abin da yake biya, mai aikin kirki kuma zai samu hujjar neman ƙarin kuɗi.