Ces, Dara da Alƙalami

Abin da ya ɗaukaka wasan ces a duniya rubutu ne. A Bagadaza, birnin da tarihin Daura ke cewa daga can Bayajidda ya taso, gwanaye irin su al-Adli da as-Suli sun rubuta littattafan shaɗaranji, wato ces na dā, tun zamanin Abbasiyawa, suka ajiye yadda ake buɗe wasa da yadda ake kashe shi. Da aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Landan a 1851, wadda Adolf Anderssen ya lashe, Howard Staunton ya tattara wasannin ya buga su a littafi a 1852. Daga nan ya zama al'adar masu wasan ces: ɗalibi ya jera 'ya'yan wasa a allo, ya bi sawun gwanaye taku bayan taku, ya rufe takun gaba ya cinka. Littafin David Bronstein kan gasar Zurik ta 1953, mai wasanni 210, har yau da shi ake horar da matasa, domin ya bayyana dalilan takun 'yan wasa.

To, a dubi darar gida. A inuwar bishiya ko bakin kasuwa, a Daura ko Mai'adua ko Zango, za a ga dattawa sun haƙa gurabe, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa, kuma a cikinsu akwai masu hangen taku da yawa a gaba. Amma da an tashi an share ƙasa, wasan ya tafi ke nan. Masarautar Daura da ta adana sunayen sarakunanta a littafin Girgam ba ta da rubutaccen wasan gwani ko guda da yaro zai ɗauka ya nazarta.

Wasu za su ce kallo ya isa, ai haka kakanni suka koya. Gaskiya ne, sai dai mai kallo iyakarsa gwanin unguwarsu, kuma ba ya iya mayar da wasa baya ya gano inda aka yi kuskure. Wasu kuma na ganin tun da kwamfuta ta doke gwanin ces Kasparov a 1997, nazarin tsofaffin wasanni ya zama ɓata lokaci. Amma kwamfuta tana nuna takun da ya fi ne kawai, ba ta faɗin abin da ya ruɗi ɗan Adam har ya kauce masa, kuma ɗan Adam za a tarar a gasa. Dara ma ba ta buƙatar wani abu mai tsada: a ba kowane gurbi harafi da lamba, a zaunar da mai alƙalami a gefen 'yan wasa.