Ƙuri'a Ɗaya Tak: Jeannette Rankin da Yaƙe-yaƙen Amurka

Ranar 8 ga Disamba, 1941, kwana ɗaya bayan jiragen Japan sun yi wa sansanin sojan ruwan Amurka da ke Pearl Harbor luguden wuta, Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi majalisa ta amince a shiga yaƙi. Dattawa 82 suka amince baki ɗaya. A Majalisar Wakilai kuwa, 388 suka ce i, mutum ɗaya ta ce a'a. Ita ce Jeannette Rankin, wakiliya daga jihar Montana, mai shekara 61 a lokacin. Na daɗe ina juya wannan ƙuri'a a raina, domin na kasa cewa ta yi daidai, na kuma kasa kiran abin da ta yi wauta.

An haife ta a 1880 kusa da garin Missoula, ita ce 'yar fari a gidansu. Ta kammala Jami'ar Montana a 1902, ta taɓa aikin kula da marasa galihu, sannan ta tsunduma cikin fafutukar nema wa mata 'yancin zaɓe, wanda matan Montana suka samu a 1914. Shekara biyu bayan haka aka zaɓe ta a ƙarƙashin jam'iyyar Rifablikan, ta zama mace ta farko a majalisar dokokin ƙasar, alhali yawancin matan Amurka ba su da ikon jefa ƙuri'a sai a 1920.

Ko kujerarta ba ta ɗumama ba jarrabawa ta iso. An rantsar da ita ranar 2 ga Afrilu, 1917, ranar 6 ga watan aka kaɗa ƙuri'ar yaƙi da Jamus. Ƙaninta Wellington, wanda ya ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓenta, ya roƙe ta ta amince. Shugabannin ƙungiyoyin mata ma haka, don tsoron kada a ce ga irinta nan, mace ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa. A nan ne nake ganin nauyin al'amarin: abin da ta sa a kasada ba nata ba ne ita kaɗai, amanar miliyoyin mata ce da ba su wakilta ta ta ƙi yaƙi ba. Duk da haka ta ƙi. Wakilai 50 ne suka ƙi a daren, 49 maza, amma ita jaridu suka sa a gaba, har da masu ba da labarin wai ta fashe da kuka. Laifin babba rowa, in ji Hausawa. Nata laifin kuwa kasancewarta mace.

Ba ta bar matan da bashi ba. A Janairun 1918 ita ta buɗe muhawara kan gyaran tsarin mulki da zai ba su 'yancin zaɓe, tana tambaya yadda ƙasar da ke yaƙi a ƙetare da sunan dimokuraɗiyya za ta hana matanta ita a gida. Wakilai suka amince, Dattawa suka yi watsi. A shekarar ta nemi kujerar Sanata ta faɗi, ta shafe sama da shekara ashirin tana aiki da ƙungiyoyin neman zaman lafiya, sai a 1940 Montana ta sake turo ta.

Ƙuri'ar 1917 ba ta da wuyar karewa, domin kafin shekarun 1930 su ƙare Amurkawa da yawa sun yi nadamar shiga wancan yaƙi. Ta 1941 ce ke ɗaure mini kai. Ƙasarta aka fara kai wa hari. Japan na ɓarna a ƙasar Sin tun 1937, Hitler ya mamaye yawancin Turai. Mu ma yaƙin bai bar mu ba, tunda sojojinmu aka kwasa zuwa dazuzzukan Bama don fuskantar Japan ɗin nan. Da ina zauren, ina jin da na bi sahun 388. Ita kuwa hujjarta gajeriya ce: a matsayinta na mace ba za ta je fagen fama ba, don haka ba za ta tura ɗan wani ba. Ta san ƙuri'arta ba za ta tsayar da jirgi ko ɗaya ba, ta kuma san ta yanka igiyar siyasarta da hannunta. Aka yi mata ihu, 'yan jarida suka yi mata caa, har ta ɓuya a ɗakin wayar tarho sai da 'yan sandan majalisa suka zo suka raka ta. Bayan kwana uku, da aka zo ƙuri'ar yaƙi da Jamus da Italiya, ba ta ce i ko a'a ba, sai dai ta amsa cewa tana nan. Wannan ja da baya na ɗan kaɗan ya fi komai nuna mini cewa mutum ce mai jin zafi, ba dutse ba.

Ba ta sake tsayawa takara a 1942 ba. Ta yi ta zuwa Indiya tana nazarin tafarkin Gandhi. A Janairun 1968, tana da shekara 87, ta jagoranci dubban mata a titunan Washinton suna adawa da yaƙin Biyetnam. Ta rasu ranar 18 ga Mayu, 1973, a garin Carmel na jihar Kalifoniya.