Wa Zai Jira? Tarihin Neman Sauri a Babbar Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa danna kwamfuta, ya zuba ido yana kallon ƴar da'irar nan tana juyawa ba ta da niyyar tsayawa, ya san ɗacin jira. Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan tsufan na'ura, mu ce ƙarfinta ne ya ƙare. Amma ƙarfin ƙarfe rabin zance ne. Ɗaya rabin yana hannun babbar manhaja, wato irin su Windows da Linux da Android, wadda ke tsaye tsakanin na'ura da sauran manhajoji kamar sarkin tasha tsakanin motoci da fasinjoji. Ita ke yanke wanda zai yi lodi yanzu da wanda zai bi layi.

A wannan maƙala zan bi sawun ƙoƙarin da aka yi na ƙara wa babbar manhaja sauri daga 1956 zuwa yau. Abin da nake son nunawa guda ne: kowane ci gaba a wannan fage amsa ce ga tambayar wa zai jira, kuma kowace amsa da kuɗin da aka biya kafin a same ta.

Zamanin da na'ura ke jiran mutum

A farkon shekarun 1950 kwamfuta ba ta da babbar manhaja. Mai aiki yakan zo da katuttukansa masu huji, ya ɗora su, ya jira sakamako, ya kwashe kayansa, sannan na bayansa ya shigo. Tsakanin fitar wannan da shigar wancan, na'urar da ta ci dukiya mai ɗimbin yawa tana zaune ba ta tsinana komai.

A 1956 injiniyoyin kamfanonin General Motors da North American Aviation a Amurka suka haɗa wani tsari mai suna GM-NAA I/O domin kwamfutar IBM 704. Aikinsa shi ne da zarar wani aiki ya ƙare ya janyo na gaba da kansa, ba tare da jiran hannun ɗan Adam ba. Ana lissafa shi cikin manyan manhajoji na farko a tarihi. Na'ura ta daina jira, sai jiran ya koma kan mutum. Mai rubuta manhaja yakan miƙa katuttukansa ya tafi, ya dawo bayan sa'o'i ko washegari, wani lokaci ya tarar kuskuren harafi ɗaya ya rushe aikin baki ɗaya.

Rabon lokaci da ma'adanar aro

Wannan wahala ce ta sa masana a cibiyar MIT, ƙarƙashin jagorancin Fernando Corbató, suka nuna tsarin CTSS a 1961. Dabararsa ita ce yanka lokacin firosesa, wato sashen da ke yin lissafi, zuwa ƴan gutsattsari, a riƙa zagayawa da su tsakanin masu aiki da yawa. Saboda saurin zagayen, kowa sai ya ɗauka shi kaɗai na'urar ke saurare. A ganina nan ne ma'anar sauri ta rabu biyu. Akwai yawan aikin da na'ura ke gamawa a yini, akwai kuma gaggawar amsa wa mutumin da ke zaune gabanta. Har gobe masu ƙera babbar manhaja na auna ɗayan da ɗayan, domin sauyawa daga wannan aiki zuwa wancan shi ma yana cin lokaci.

Matsala ta biyu ita ce ƙarancin ma'adanar aiki, wadda a yau muke kira RAM. A Jami'ar Manchesta ta Ingila, Tom Kilburn da abokan aikinsa sun ƙera kwamfutar Atlas da ta fara aiki a 1962. Ma'adanarta mai sauri kalmomi 16,384 kawai take ɗauka, amma tana da wata ganga mai maganaɗisu da ke ɗaukar 98,304, sai dai tana da nawa. Sai suka rarraba bayanai zuwa shafuka masu kalmomi 512, suka bar wa babbar manhaja aikin ɗauko shafin da ake buƙata daga ganga, ta mayar da wanda aka daɗe ba a taɓa ba. Manhaja sai ta ga kamar tana da fili mai faɗi, alhali aro ake yi mata. Wannan ma'adanar aro tana nan cikin kusan kowace kwamfuta ta zamani.

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Da aka fara cusa ayyuka da yawa a lokaci guda saboda dogaro da wannan aro, sai kwamfutoci suka riƙa durƙushewa, na'ura ta shagala da safa da marwa tsakanin ma'adana da faifai, aikin gaske kuwa ya tsaya cik. Peter Denning, wanda a 1968 ɗalibi ne mai shekara 26 a MIT, shi ya fayyace dalili. Ya nuna cewa kowace manhaja tana da ƴan shafukan da take yawan komawa gare su a ɗan tsakanin lokaci. Muddin waɗannan suna cikin ma'adana, aiki zai tafi daidai. Da zarar an rage mata su, sai komai ya cije. Maganin da ya bayar mai ɗaci ne: idan wuri bai isa ba, a dakatar da wasu ayyukan gaba ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya buɗe shafukan intanet talatin a kwamfuta mai ƙaramin RAM ya ga ta sandare, ciwon da Denning ya bayyana ne ya kama shi.

Yaƙi da nawar faifai

Domin a gane girman matsalar faifan ajiya, ga wani kwatance. Ɗauko bayani daga RAM yana cin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa, ɗaukowa daga faifai mai juyawa kuwa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Da a ce na farkon daƙiƙa guda ne, da na biyun ya haura kwana ɗaya cur. Dalili shi ne faifan yana da allura da sai ta yi tattaki zuwa inda bayanin yake, ta kuma jira ya juyo.

Babbar manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a cibiyar Bell Labs a 1969, ta yi suna wajen sauƙin tsari, amma yadda take ajiye fayil yana warwatsa gutsattsarinsa ko'ina a faifai. A 1983 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, cikinsu har da Marshall Kirk McKusick, suka fito da sabon tsarin ajiya. Sun ƙara girman kowane yanki zuwa aƙalla bayit 4,096, suka kuma riƙa ajiye bayanan da ke da dangantaka kusa da juna don rage wa allura tafiya. Faifan bai sauya ba, shirya kaya kawai aka gyara, amma saurin karatu ya ninka sau da yawa. Mai shagon da ya jera gishiri da magi kusa da hannunsa ya san wannan hikima ba tare da ya shiga aji ba.

Kwamfuta ta shiga gida

Fitowar kwamfutar IBM PC a 1981 ta mayar da wani ɓangare na wannan aiki kan mai gida. Babbar manhajar MS-DOS tana da iyakar kilobayit 640 ga manhajoji, don haka mutane suka koyi gyara fayilolin tashi da hannu domin su tsira da ɗan fili. A 1993 Microsoft ta saka manhajar tattara gutsattsarin fayil a cikin MS-DOS 6, kuma shekaru da dama masu kwamfuta sun saba zama suna kallon ƴan akwatuna na jeruwa a allo, suna fatan samun sauƙi.

Daga baya babbar manhaja ta koyi hasashe. Windows XP ta 2001 tana lura da fayilolin da ake buƙata lokacin kunnawa, ta ɗauko su tun kafin a tambaya. Windows Vista ta 2007 ta faɗaɗa dabarar, tana koyon manhajojin da mutum ya saba buɗewa. Windows 8 ta 2012 kuwa, idan an kashe ta, takan adana hoton zuciyarta a faifai don ta farka da wuri.

Duk da haka jama'a ba su daina kukan nawa ba. Masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan, Niklaus Wirth, ya yi gargaɗi a 1995 cewa nauyin manhajoji na ƙaruwa fiye da yadda saurin na'urori ke ƙaruwa. Alƙaluma sun gaskata shi: Windows 95 megabayit 4 na RAM take nema a mafi ƙaranci, Windows 11 ta 2021 kuwa gigabayit 4, wato ninki dubu. Wani ɓangare na wannan nauyi ya tafi ga tsaro da kyawun hoto da tallafin harsuna, wani kuwa sakaci ne na mai ganin rumbu cike.

Adalci wajen rabo

Tambayar wa zai jira ta fi fitowa fili a tarihin Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Mai rabon lokacin da ke cikinta a farkon shekarun 2000 yana ƙoƙarin cankar wane aiki ne mutum ke jira, ya fifita shi. Idan cankar ta kuskure, sai waƙa ta riƙa yankewa ko allo ya daskare. Wani likitan sa barci a asibiti ɗan Ostareliya, Con Kolivas, wanda ke rubuta manhaja a lokacin hutunsa, ya nuna cewa raba lokaci daidai wa daida ya fi wannan canke-canke amfani ga mai kwamfutar gida. A 2007 Ingo Molnár ya rubuta sabon mai rabo bisa wannan tunani, ya kuma ambaci gudummawar Kolivas. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: aikin da ya fi kowa ƙarancin samun rabo shi ne na gaba. Wayoyin Android masu ɗimbin yawa sun yi shekaru suna tafiya a kan wannan ƙa'ida.

Ranar biyan bashi

A watan Janairun 2018 aka bayyana wasu ɓaraka biyu da aka laƙaba wa Meltdown da Spectre. Shekaru da dama firosesoshi na samun sauri ta hanyar soma aiki kafin su tabbatar ana buƙatarsa, idan hasashen bai yi daidai ba su watsar. Masu bincike suka gano cewa aikin da aka watsar yana barin sawu, kuma ta wannan sawu ɓarawo na iya leƙen sirrin da ke cikin ma'adana, har da kalmomin sirri. Dole Linux da Windows da macOS suka gina katanga tsakanin zuciyarsu da sauran manhajoji, katangar kuwa ta rage saurin wasu ayyuka, musamman a tsofaffin na'urori. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Saurin da aka ci a kan bashi, da tsaro aka biya shi.

Inda tarihin ya same mu

Kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a garuruwanmu, da yawansu na hannu ne, sun gama zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su iso. Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 kyauta, Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Ga ɗalibar da ke rubuta kundin kammala digiri a irin wannan kwamfuta, ko matashin da cike wa mutane fom shi ne abincinsa, wannan zance ne na rufin asiri.

Tarihin da na bibiya yana ba da shawara bayyananniya. Daga Denning mun koyi rage manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, da ƙara RAM idan da hali. Daga labarin allura mun koyi cewa sauya faifai mai juyawa da SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi, shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri, kuma shi ba ya buƙatar tattara gutsattsari. Daga Wirth mun koyi zaɓen babbar manhaja daidai ƙarfin na'ura, kamar nau'o'in Linux marasa nauyi irin su Lubuntu. Google ma wannan hanya ta bi a 2017 da ta fitar da Android Go don wayoyi masu RAM gigabayit 1 ko ƙasa da haka. Manhajojin da ke alƙawarin ninka sauri da dannawa ɗaya kuwa, sau da yawa ƙarin fasinja ne a motar da ta riga ta cika.

Kammalawa

Daga katuttukan 1956 zuwa wayar da ke aljihunmu, ba a taɓa kawar da jira ba. Ɗauke shi ake yi daga wuyan wani a ɗora wa wani: daga na'ura zuwa mutum, daga ma'adana zuwa faifai, daga yau zuwa ranar da ɓaraka za ta bayyana. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne waɗanda suka kawo manyan sauye-sauyen. Denning da Torvalds ɗalibai ne a lokacin, Kolivas kuwa likita ne. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne haƙurin auna inda lokaci ke zurarewa kafin su taɓa komai. Linux a buɗe take ga duk mai son karanta cikinta ya gyara, kuma babu wanda ya kai mai tsohuwar na'ura sanin inda take ciwo. Ina fata matasanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta za su ɗauki wannan a matsayin aikin da ke jiran su.