Kano a Idon Baƙo da Kunnensa: Zuwan Barth na 1851

Cikin Turawan da suka shiga birnin Kano a ƙarni na 19, akwai biyu waɗanda malaman tarihi suka fi dogara da shaidarsu, watau Kyaftin Hugh Clapperton, mutumin Sikotlan, da Dokta Heinrich Barth, Bajamushe, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim. Shekara 27 ce tsakanin zuwansu, amma wanda ya karanta abin da kowannensu ya rubuta game da ganinsa na farko sai ya yi tsammani garuruwa biyu ne dabam. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Labarin mutanen nan biyu ya nuna akwai inda gani ba ya cika sai da ji, gama babban abin da ya bambanta su shi ne ɗaya ya shigo yana jin Hausa, ɗayan kuwa ba ya ji.

Clapperton ya iso Kano ran 20 ga Janairu, 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, kwana takwas bayan rasuwar abokin tafiyarsa, Dokta Oudney, kusa da Katagum. Larabawa sun riga sun cika masa kunne da girman birnin, har ya sa tufafinsa na hafsan jirgin ruwa don ya shiga da kwarjini. Da ya wuce ƙofa sai ya tarar da fili, gidaje can nesa da ganuwa, ga kududdufai, mutane kuwa kowa na sha'anin gabansa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Shi da kansa ya rubuta cewa ransa ya ɓaci ƙwarai. Daga baya ya yaba tsarin kasuwa, ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 30,000 da 40,000, amma yawancin abin da ya sani ta bakin fatake Larabawa ya same shi.

Shi Barth ta hamada ya biyo. Ya tashi daga Tarabulus cikin watan Maris na 1850, ya ratsa Murzuk da Gat, ya yi watanni a ƙasar Azbin, inda ya tarar Hausa ta zama harshen yau da kullum a bakin Abzinawa. A nan kunnensa ya buɗe. Sa'an nan ya bi ayarin gishiri zuwa Damargu, ya wuce Tasawa da Katsina, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya iso ba kuɗi, ga bashi ya yi masa katutu, aka sauke shi a ɗaki mai duhu, zazzaɓi kuma ya kama shi. Ke nan ya fi Clapperton dalilin ƙin garin.

Duk da haka, da ya sami sauƙi ya hau doki ya zaga, ya kuma hau Dala ya zana hoton birnin, sai ya rubuta bayanin da ya zama abin kwatance. Ya ambaci soraye da bukkoki a cakuɗe, da itatuwan dabino da gwanda da rimi, da ruwan Jakara kwance a tsakiyar gari. Ya ga marina suna aiki a bakin karofi, da maƙeri a maƙerarsa, da mata suna kaɗi, da basarake bisa doki da zagage, da makaho yana laluben hanya cikin taro. Bai ɓoye abin ƙi ba, gama ya ambaci bayi a rumfar kasuwa suna jiran mai saye, ya ƙiyasta a kan fitar da wajen 5,000 kowace shekara. Mazauna birnin ya sa su 30,000, ya ce su kan kai 60,000 da rani sa'ad da ayari ke shigowa. Ya gane arzikin Kano saƙa ne da rini, ya ce a kan kai wa Tambutu kaɗai kayan raƙumi 300 na tufafi a shekara.

Irin wannan lissafi sai mai tambaya, tambaya kuwa sai da harshe. Barth ya jera sunayen unguwanni da na ƙofofi, da sunayen riguna da zannuwa iri iri, kowane da kuɗinsa, duk da Hausa. Harshen ya burge shi, ya yabe shi da daɗin sauti da yalwar kalmomi, ya kuma ce a Katsina ya ji an fi tsabtace lafazinsa. Ya rubuta labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai yadda ya ji shi. Gaskiya ne ba harshe kaɗai ya raba shi da Clapperton ba, domin shi malamin jami'a ne da ya ƙware a Larabci, wancan kuwa sojan ruwa ne mai makokin abokinsa. Amma ilmi ba ya buɗe bakin ɗan kasuwa sai an gaishe shi da abin da ya ke ji.

Sai dai kunnen Barth ma yana da iyaka, kuma rubutunsa ya nuna ta. Bai bambanta k da ƙ ba, ya rubuta ƙofa da k, ga shi kuwa wannan bambanci shi ke raba baki da baƙi. Alamar da ya ke sa wa wasali ta nauyin gaɓa ce irin ta harsunan Turai. A kan wasalin ƙarshe na sunan Kano ya ɗora ta, alhali gaɓar farko ce mai karin sama, ta biyu kuwa karin ƙasa gare ta da dogon wasali. Tsawon ya ji, karin ya wuce shi. Ba a sami ƙamus mai nuna karin sauti sosai ba sai na Bargery a 1934. Amma kunnen nan ya adana abin amfani: ya rubuta kuɗi da r a tsaka, watau kurɗi, yadda a ke faɗa a Hausar yamma, wanda ya dace da hanyar da ya biyo.

Har wa yau, mako biyar kawai ya yi a wannan zuwa, ya tashi zuwa Kukawa cikin watan Maris, Hausarsa kuwa ta hanya ce da kasuwa. Jerin sarakunan da ke cikin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ba ya cikin littafinsa na 1857 da 1858.

Saboda haka malamin da zai karanta wa ɗalibai labarin baƙo game da wani birni, ya kamata ya fara da tambaya uku: da wane harshe baƙon ya yi magana, a bakin wa ya koye shi, kwana nawa kuma ya yi. In an auna Barth da wannan ma'auni, shaidarsa kan kasuwa da sana'a tana da ƙarfi, kan lafazi sai an tace, kan tarihin sarauta kuwa sai a koma ga abin da Kanawa suka rubuta da hannunsu.