Yadda ake kare kan babbar mota daga zafi da ƙara

Kan babbar mota, wato ɗakin da direba da yaronsa ke zama, akwati ne na ƙarfe da aka ɗora bisa injin. A yawancin kamiyo da tirelolin da ke bin hanyoyin Nijar, Kamaru da Cadi, irin su Mercedes, Renault, MAN, DAF da Howo, injin yana ƙarƙashin kujeru ne. Daga Duwala zuwa Injamena, ta Ngaundere, Garwa, Marwa da Kuseri, tafiyar kusan kilomita 1,800 ce, kuma cikin wannan akwati direba ke tuƙi, ya ci abinci, ya kwana. A watan Afrilu zafi a Yamai da Injamena kan wuce digiri 40 a inuwa. Lulluɓe cikin kan mota da kayan da ke tare zafi da ƙara yana rage gajiya, yana kuma kare kunnen direba, muddin an zaɓi kayan da suka dace.

Ta ina suke shigowa

Zafi na shigowa ta rufin da rana ke duka, ta gilashi, sannan ta ƙasa, daga injin da salansa. Ƙara kuwa iri biyu ce. Akwai wadda ke bin ƙarfe: girgizar injin da ta hanya na sa faffaɗan kwanon ƙofa da na rufi su riƙa amo kamar fatar ganga. Akwai kuma wadda ke bin iska, ta ramukan wayoyi, gindin sandar giya da robar ƙofa da ta mutu.

Ana auna ƙara da desibel. Hira ta yau da kullum na kusa da 60. Dokokin kare lafiyar ma'aikata a ƙasashe da dama sun ɗauki 85 na tsawon awa 8 a matsayin inda haɗari ke farawa, kuma ƙarin desibel 3 kawai na ninka ƙarfin ƙarar. Idan sai direba ya ɗaga murya kafin yaronsa da ke gefe ya ji shi, ƙarar ta kai wannan mataki. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Kaya hawa uku

Babu abu guda da ke maganin duka matsalolin, don haka ake jera kayan hawa-hawa.

Na farko shi ne robar butil mai fuskar alminiyam, kaurinta wajen milimita 2. Ana manna ta a jikin kwano don ta kashe girgiza. Ba sai an rufe ko'ina ba. Kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin faffaɗan wuri ya isa.

Na biyu shi ne soso mai rufaffun ƙofofi, wanda ba ya shan ruwa, mai kaurin milimita 6 zuwa 10. Shi ke tare zafi, kuma shi dole ya rufe ko'ina, domin zafi na bin duk gurbin da aka bari.

Na uku shimfiɗar roba ce mai nauyi, kimanin kilo 5 a kowace murabba'in mita, wadda ake ɗorawa bisa soson a ƙasa da kan murfin injin. Nauyinta ne ke hana rugugin injin wucewa. Soso mara nauyi ba ya iya wannan.

A ɓangaren da ke fuskantar injin da salansa, inda zafi ke kai ɗaruruwan digiri, audugar dutse mai fuskar alminiyam ake sawa, domin ba ta kamawa da wuta. A shagunan ƙasashen da ake Faransanci sunanta laine de roche. Fuskar alminiyam tana mayar da zafi ne kawai idan akwai sarari tsakaninta da abin da ke zafin. In an matse ta tsakanin abu biyu, amfaninta ya tafi.

Tsarin aikin

Ana fara cire kan batir, sannan kujeru, shimfiɗar ƙasa da kwalin rufi da na ƙofofi. A kankare tsatsa, a shafa fenti, a wanke maiƙo, domin gam ba ya kama ƙarfe mai mai. Kafin a manna komai sai a toshe ramuka, a canza robar ƙofa da ta sandar giya, a duba ko salansa na yoyo. Wannan mataki ya fi kowanne arha, kuma yana hana hayaƙi shiga. Hayaƙin injin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, kuma tana iya kashe mai barci a rufaffen kan mota idan injin na aiki.

Daga nan a manna butil, a murza shi sosai har iska ta fita, sai soso, sai roba mai nauyi. A bar ramukan da ke ƙasan ƙofa a buɗe, domin ta nan ruwan damina ke fita. Kada a binne wayoyin lantarki, kada kuma wani abu ya tokare birki, kuloci ko totur.

Kayan da ke da haɗari

Soson katifa ya fi sauƙin samu a kasuwa, amma yana shan ruwa ya riƙe, ƙasan mota ya yi tsatsa. Yana saurin kamawa da wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji yana laushi kafin zafi ya kai digiri 100, fetur kuma na narkar da shi. Takardar kwalta ta rufin gida tana kama da butil a ido, sai dai a zafin Sahel takan yi laushi, ta zame daga rufi, ta cika ɗakin da wari.

Iyakar amfaninsa

Lulluɓi yana jinkirta shigar zafi, ba ya sanyaya ɗaki. Motar da aka rufe a rana za ta yi zafi duk da haka, saboda gilashi. Farin fenti a rufi, labule mai ƙyalli a gilashin gaba lokacin tsayawa, da ajiye mota a inuwa suna cika aikin. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka ba, ya fara da toshe ramuka, sannan ƙasa da murfin injin, sai rufi, ƙofofi su zo ƙarshe.