Ciwon kafaɗa da damtse: daga ina yake tasowa, kuma yaushe ya kamata a je asibiti?

Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace motsi a jikin ɗan Adam. Ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a wurin: ƙashin damtse, allon kafaɗa, da ƙashin da ya taso daga ƙirji. Tsokoki 4 da jijiyoyinsu ne ke riƙe da kan ƙashin damtse cikin gurbinsa. Gurbin kuwa ba shi da zurfi, shi ya sa wurin ke saurin samun matsala.

Ciwon da aiki ke kawowa

Mafi yawan ciwon kafaɗa daga waɗannan jijiyoyi yake, idan suka kumbura ko suka yage. Aikin da ake maimaitawa hannu a sama shi ke gajiyar da su: daka, jan guga a rijiya mai zurfi, saran itace, ɗora kaya a kai, aikin gini. Mutum yana jin zafi a gefen kafaɗa yana sauka cikin damtse, musamman in ya ɗaga hannu ko ya kwanta a kan wannan gefen da dare. In jijiyar ta yage, hannun kan rasa ƙarfi.

Sandarewar kafaɗa

Wannan ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, mata fiye da maza, kuma masu ciwon suga sun fi fuskantarsa. Yana farawa da zafi, daga baya gaɓar ta ƙage, har sanya riga ko ɗaura kallabi ya gagara. Ko wani ne ya kama hannun ya ɗaga, ba ya tafiya. Yakan ɗauki shekara 1 zuwa 3 kafin ya saki.

Rauni

Faɗuwa daga babur, haɗarin kabu-kabu ko kaye a filin kokowa na iya sa kafaɗa ta goce ko ƙashi ya karye. A nan zafin nan take yake zuwa, wurin ya kumbura, siffar kafaɗar ta sake. Jan hannun da ƙarfi don mayar da shi kafin a ɗauki hoton ƙashi yana iya lalata jijiyoyi da hanyoyin jini. A masu sikila kuma, jini kan kasa isa kan ƙashin damtse, ƙashin ya riƙa lalacewa sannu a hankali.

Lokacin da laifin ba na kafaɗa ba ne

Jijiyar da ta matse a wuya tana aika zafi har yatsu, tare da mutuwar hannu ko jin kamar ana tsira allura. Ciwon matsarmama kan bayyana a kafaɗar dama. Mafi haɗari shi ne na zuciya: zafi a kafaɗa ko hannun hagu, tare da nauyin ƙirji, zufa da wahalar numfashi. Alama ɗaya da ke taimakawa ita ce, in motsa hannu bai ƙara zafin ba, a yi zargin daga wani wuri yake.

Abin yi

Ƙaramin ciwo yakan lafa in an rage aikin da ya jawo shi, amma ba a ɗaure hannu a bar shi ba motsi, don hakan ke kawo sandarewa. Parasetamol na rage zafi. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye barkatai wajen masu talla, suna iya yi wa ciki da ƙoda lahani in an daɗe ana sha.

A garzaya asibiti ba jira in akwai alamun zuciya, ko zazzaɓi tare da gaɓa mai zafi da kumburi, ko hannu ya kasa ɗaguwa bayan faɗuwa. Haka ma mace mai ƙaramin ciki da ta ji zafi a ƙarshen kafaɗa tare da ciwon mara da jiri, don yana iya zama jini ne ke zuba a ciki. Ciwon da ya wuce mako 2 bai ragu ba, a kai shi CSI mafi kusa, inda za a duba a tura mutum babban asibiti in da bukata.